Ɗakin da Ya Yi Kuka a Rurum

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, amma gara in faɗa tun yanzu cewa ba duk abin da ya faru nake riƙe da shi daidai ba. Shekara shida ke nan, ko bakwai. Ban tabbata ko Laraba ce ko Alhamis ba, kuma akwai maganganun da zan sa a bakin mutane waɗanda wataƙila ba haka suka jera su ba. Tsoro yana goge wa mutum wasu abubuwa, kunya kuma tana ƙara wasu, ni kuwa ranar na sha duka biyun har na ƙoshi.

Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Na dawo Rano da digirina na zanen gine-gine da wata kwamfuta wadda batirinta ba ya kai awa guda, ina zaune a gidan yayana ina jiran aiki. Ni mutum ne mai yawan fargaba (irin wanda zai kulle ɗaki, ya kai bakin titi, ya dawo ya sake jan kwaɗon), don haka na ɗauka ko wane irin kuskure zan yi a rayuwa, ba zai zama na sakaci ba. Ashe akwai kuskuren da sai mai yawan dubawa yake yin sa.

Wani kawuna ne ya haɗa ni da ƙungiyar ci gaban gari a Rurum Tsohon Gari. Suna son gina ɗaki guda babba don karatun matan aure, saboda zauren da matan suke taruwa ya yi musu kaɗan. Na yi sati biyu ina zane. Da na gama na fitar da hoton ginin a kwamfuta, da fentinsa da inuwarsa har da bishiyoyin da ba a shuka ba, na tura a waya na kai wa dattawa. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan a wane gari aka gina shi?" Na ce ba a gina ba tukuna, naku ne. Nan take aka ba ni aikin. Babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa tsayawa a kan gini, ni ma ban ga dalilin tayar da maganar ba.

Mace ɗaya ce a wurin, Hajiya Kande, shugabar matan ajin, dattijuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ita ko kallon wayar ba ta yi sosai ba.

"Injiniya," ta ce, "mu dai kada mu dahu. Ka san kwano da bazara. Ka yi mana inda za mu zauna da hijabi mu yi karatu ba tare da mun narke ba."

Wannan magana ta shiga kaina ta zauna. Na koma na yi ta karance-karance a kan yadda ake sanyaya gini ba da lantarki ba, har na ƙirƙiro wata dabara da na ɗauka ita ce za ta fito da sunana. Filin yana ƙarƙashin wani dutse mai tsagi a tsakiya, ta gabas, kuma na lura iska tana bi ta tsagin nan. Sai na tsara a huda bangon gabas can sama, a zura bututun roba goma sha biyu, su shiga saman silin, iskar ta sauko ɗakin ta wata raga. Saboda gangaren rufin, bututun ba tsayinsu ɗaya ba, wani dogo wani gajere. Kwamfuta ta nuna mini iskar cikin layuka shuɗaye masu kyau, tana shiga tana zagaya ɗakin tana fita. Na kuma ƙara da ƙofa mai zamewa gefe, irin wadda ba a turawa ba a ja, domin na gani a wani ofis a Kano ta burge ni.

Maginin da ƙungiyar ta ɗauko shi ne Baba Isyaku, mutumin Madachi. Ya kusa saba'in. Da tubali ya fara a hannun mahaifinsa, da bulo da siminti suka zo ya koya, ya ci gaba. A yankin nan idan aka ce Baba Isyaku ne ya sa harsashin gida, an gama magana. Shi aka sa a ƙarƙashina, ni da ban taɓa kwaɓa siminti ba.

Mun zauna lafiya har bango ya kai saman taga. Ran nan na shimfiɗa masa takardar zane a kan bulo, ya sa yatsa a kan ɗigo-ɗigon da ke bangon gabas.

"Injiniya, waɗannan fa?"

"Na iska ne, Baba."

"A gabas?"

"Ta nan ta fi zuwa. Na duba sosai."

"To ai shi ya sa." Ya ɗaga kai ya kalli dutsen. "Mu ba ma buɗe wa gabas baki. Balle a nan."

"Saboda me, Baba?"

"Haka na tarar babana yana yi."

A zuciyata na ce, camfi. Ban sake tambaya ba. Gaskiyar magana (wadda ban faɗa wa kowa ba sai yanzu), leburori suna tsaye suna jinmu, kuma na ji tsoron idan na bari tsoho ya gyara mini zane a gabansu, shi ke nan, na zama ɗan aike mai riƙe da takarda. Na gyara murya na ce, "Baba, ai zamani ya canza."

"Ya canza, Injiniya," ya ce. "Ni ma ga shi da bulo nake gini. Dutsen nan shi ma an canza shi?"

Leburori suka yi dariya. Dariyar nan ce ta gama da ni. Na ce zane ya riga ya samu amincewar ƙungiya, haka za a yi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ƙarasa sauran bango uku tsaf, ya wanke cokalin gininsa, ya ce hannunsa ba zai huda wannan bangon ba, Allah ya ba da sa'a. Ya hau kekensa ya koma Madachi. Na ɗauko birkiloli biyu daga Rano, samari waɗanda ba sa musu, suka zura bututun, aka rufe da silin, aka yi fenti. Daga waje ba ka ganin komai sai ƙananan ramuka a jere can ƙarƙashin kwano, kamar ado.

An buɗe ɗakin a tsakiyar bazara, lokacin da ko ganye ba ya motsi. Ban sani ba ko dabarata ce ko sabon fenti ne ya sa mutane suka ji daɗi, amma kowa ya ce ɗakin yana da sanyi. Na ɗauki hotuna na watsa a waya, abokan karatuna suna ta yaba mini. Sati uku na yi ina tafiya kamar an ƙara mini tsawo.

Sai Hajiya Kande ta kira ni.

"Injiniya, ɗakinka yana kuka."

Na ce, "Ƙofar ce? A ɗiga mata mai."

"Ba ƙofa ba ce. Na san kukan ƙofa, na girme ka. Ɗakin ne yake kuka."

Ta ce suna cikin karatu bayan azahar sai suka ji nishi daga sama, irin na mara lafiya da ya daɗe a kwance. Malamar ajin ta dakata. Nishin ya tsaya. Ta ci gaba, sai ya dawo, wannan karon da wata siririyar murya a bayansa kamar ta jariri. Wata mai juna biyu ce ta fara miƙewa, sauran suka bi ta, wasu ko littafinsu ba su ɗauka ba. Kwana uku a jere ana haka. Yanzu mazan sun hana matansu zuwa.

Na hau babur na tafi. Ranar farko na zauna awa biyu, ban ji komai ba. Rana ta biyu ma haka. Har na fara tsara yadda zan yi wa Hajiya bayani cikin ladabi cewa taro yakan ji abin da babu.

Rana ta uku na isa da tsakar rana. Gari ya yi tsit, duk an shige inuwa. Sama ta yi fari fat, sai can bayan dutsen hadari ya ɗan taru, baƙi, ba ya matsowa. Na shiga ɗakin ni kaɗai na zauna a kan benci. Littattafan matan suna nan inda suka bar su, wani a buɗe, da silifas ƙafa ɗaya a ƙarƙashin allo. Ina jin bugun agogon hannuna.

Ban ji farawarsa ba. Sai dai na lura cewa tun ɗazu akwai wani abu a cikin ɗakin, ƙasa-ƙasa, wanda ƙirjina ya riga kunnena ji. Ya yi ta kauri har ya zama nishi sosai, dogo, ba ya yankewa don shan numfashi kamar na mutum. Sai wata murya ta biyu ta hau kansa. Sai ta uku, siririya, tana rawa. Ba daga kusurwa ɗaya suke fitowa ba. Na juya dama suna dama, na juya hagu suna hagu. Shafin littafin nan da ke buɗe ya ɗaga a hankali, ya tsaya a tsaye, ya kwanta ɗaya gefen.

Ina so in ce na tsaya na yi nazari. Abin da na yi shi ne na danna wayata don in ɗauki sautin, ina karanta Ayatul Kursiyyu. Daga baya da na saurara a gida, wayar ba ta kama komai ba sai numfashina da karatuna, kuma na tsallake tsakiyar ayar sau biyu.

Amma dai na yi bincike, kada a ce ban yi ba. Washegari da safe, lokacin da babu kuka, na zo da kafinta muka duba kusoshin kwano ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya saki. Na hau benci na leƙa saman silin (kaina kawai na zura, shi ma rabi). Babu kyanwa, babu zuma, babu sheƙar mujiya. Na ga bututuna goma sha biyu a jere, haske yana shigowa ta cikinsu kamar idanu suna kallona. Na kalle su, na sauko. Ko da wasa ban zarge su ba. Su ne abin da na fi alfahari da shi a duk ginin, kuma kwamfuta ta nuna mini iska mai launi ce, ba ta taɓa nuna mini tana da murya ba.

Kafin sati ya zagayo, gari ya samo wa kukan uba. Aka ce Baba Isyaku ya bar aikin cikin fushi saboda an ɗora masa yaro a kai. Wani lebura ya tuna ya ga bakinsa yana motsi lokacin da yake ajiye bulon farko (bisimilla ce, wadda kowane magini yake yi, amma a bakin masu ba da labari ta zama wani abu dabam). Aka ce ya binne abu a bangon. Wani Alhaji a Fassi da ya kira shi ya sa masa harsashin gida ya aiko a ce ya dakata tukuna. Wani ma ya fasa gaba ɗaya. Magini ba shi da shago, ba shi da allon talla, sunansa kawai yake da shi, kuma Baba ya yi sama da shekara arba'in yana gina nasa.

An zo an tambaye ni, a matsayina na mai ilimin abin. Na san Baba bai yi fushin da ake faɗa ba, a gabana ya tafi. Amma na ce, "To, ni dai ta fuskar zane ban ga matsala ba. Sauran kuma Allah ne masani." Na ɗauka na yi taka-tsantsan, ban zargi kowa ba. Yanzu na gane babu wanda ya ƙara wa wutar nan itace kamar ni. Kuma in dai gaskiya za a faɗa, labarin ya yi mini daɗi a wani lungu na zuciyata, domin muddin laifin yana cikin bango, ba ya cikin takardata.

Mai unguwa ya ce ba za a bar magana tana yawo haka ba. Ya sa rana: a taru a cikin ɗakin kansa bayan azahar, malamai su yi karatu, a kira Baba Isyaku ya zo ya rantse da Alƙur'ani cewa bai binne komai ba. Ni kuma in yi bayani.

Ɗakin ya cika. Liman da malamai uku a gaba, dattawa a kan benci, Hajiya Kande da wasu tsofaffin mata biyu a kusa da ƙofa. Aka zame ƙofar aka rufe don masu leƙe. Baba yana zaune shi kaɗai a kan tabarma a tsakiya, da wankakkiyar rigarsa, ya ajiye hularsa daidai. Babu wanda ya zauna kusa da shi. Tun da ya bar aikin bai sake taka wurin ba sai ranar. Na gaishe shi daga nesa, ya amsa, "Injiniya, an yini lafiya?" kamar babu abin da ke faruwa.

Bayan malamai sun yi karatu, mai unguwa ya ce in tashi. Na miƙe da rahotona mai shafi huɗu. Na yi bayanin harsashi, na yi bayanin kwano, na ce an gwada zanen a kwamfuta kuma bisa ga abin da na iya gani, gwargwadon sanina, babu wani dalili na kimiyya da zai sa ginin ya yi sauti. Na ƙara da cewa mu masu ilimin zamani an koya mana natsuwa a gaban abin da ba mu gane ba, don haka ina roƙon jama'a kada kowa ya firgita.

Ina rufe baki, hasken taga ya dushe. Hadarin ya matso.

Ya fara da nishin nan na ƙasa. Na ga wani dattijo ya daina jan carbi. Murya ta biyu ta shigo, ta uku, sannan wasu da ban taɓa ji ba, domin ranar iskar ta zo da ƙarfinta. Duk ɗakin ya ɗauka, benci yana kaɗawa a ƙarƙashin mutane, silin yana numfashi sama da ƙasa. A can ƙarshe wata murya ta tashi sama siririya kamar mace tana kiran wani daga nesa. Liman ya ɗaga murya da karatu, kukan ya rufe shi.

Ban san lokacin da na yar da rahoton ba. Na dai tsinci kaina a bakin ƙofa, na tsallake ƙafafun dattawa biyu, na yi fatali da buta. Na tura ƙofar, ta ƙi. Na ja, ta ƙi. Na sa kafaɗa na banke ta da duk ƙarfina, ko motsi. Sai na ji wani yana ihu da muryar da ban sani ba, ashe tawa ce:

"Sun kulle mu! Wayyo Allah, sun kulle ƙofa! Malam, sun kulle mu!"

Hajiya Kande tana zaune a nan gefena. Ko tashi ba ta yi ba. Ta miƙa hannu, ta sa yatsa biyu, ta zame ƙofar gefe.

"Bismilla, Injiniya," ta ce. "Ai kai ka koya mana yadda ake buɗe ta."

Na fita da takalmi ƙafa ɗaya. Na yi nisa, har wajen wata rijiya, kafin na lura babu wanda yake gudu a bayana. Mutane suna fitowa, gaskiya ne, wasu da sauri, amma da tafiya. Ni kaɗai na yi gudu a duk taron, kuma duk waɗanda aka hana shiga suna tsaye a waje suna kallo.

Da na lallaɓo na dawo, Baba ne kaɗai ya rage a ciki. Na hango shi ta taga, yana zaune inda yake, ya karkata kai gefe kamar mai sauraron labarai a rediyo. Ya daɗe haka. Sannan ya tashi ya fito, ya zagaya bayan ɗakin, ya tsaya ya kalli ramukan, ya juya ya kalli tsagin dutsen.

"A samo mini tsani," ya ce. "Da ƙasa a kwaɓe, rabin bokiti."

Aka kawo. Tsohon nan ya naɗe hannun wankakkiyar rigarsa ya hau, iska tana kaɗa shi. Ya dunƙula ƙasa ya toshe rami na farko. Siririyar muryar nan, mai kiran wani daga nesa, ta ɗauke cak, kamar an rufe mata baki. Jama'a suka yi salati. Ya matsa ya toshe na biyu, wata ta mutu. Haka ya bi su, ana matsar masa da tsani, kukan yana raguwa murya bayan murya, har saura nishin farko shi kaɗai. Sai ya sauko, ya miƙo mini bokitin.

"Wannan na bar maka, Injiniya. Naka ne."

Na hau tsanin nan a gaban gari guda, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Da na kai hannu bakin bututun na ji yana rawa a tafin hannuna, iska tana goga bakinsa tana wucewa, daidai yadda mutum yake hura bakin kwalba. Abin da kowa ya yi yana ƙarami. Na cusa ƙasar. Wurin ya yi shiru, irin shirun da har na ji wata akuya tana tuƙa a ƙarƙashin bishiya.

Ina sauka mai unguwa ya ce, "Waɗannan bututun, wa ya sa su?"

Bakina ya riga ya fara shirya "to, a gaskiya, akwai dalilai da dama". Na haɗiye shi da ƙyar. Na ce ni ne. Na ce Baba ya hana ni, na ƙi ji, kuma dalilin barinsa aikin ke nan, ba fushi ba. Liman ya koma ciki ya ɗauko Alƙur'anin da aka ajiye don rantsuwa, ya mayar da shi cikin gafaka.

Na durƙusa a gaban Baba na ce ya yafe mini. Yana wanke hannu da butar da na yi fatali da ita.

"Da aka ce na binne abu, aka tambaye ka, me ka ce?"

"Na ce Allah ne masani."

"Gaskiya ka faɗa," ya ce. "Amma kai ma ai ka san kaɗan."

Ban taɓa jin magana mai sanyi da ta ƙona ni haka ba. Gudun da na yi, da ihun, da takalmin, duk na ji sun zama ƙananan abubuwa.

Ruwa ya sauko a lokacin, na farko a shekarar, a karkace yake dukan bangon gabas kamar ana watsa tsakuwa. Muka fake a cikin ɗakin, wanda yanzu ya zama ɗaki kawai. Baba ya nuna mini bangon da haɓarsa.

"Ka gani? Da ramukan nan suna buɗe, da yanzu silin ɗinka ya sha. Kafin tsakiyar damina ya faɗo wa matan mutane a ka. Kukan nan taimakonku ya yi."

Na ce, "Baba, da ka faɗa mini haka tun farko."

"Sau ɗaya ka tambaya, kuma ba amsa kake jira ba." Ya yi murmushi. "Ni ma ruwan kawai na sani. Kukan yau na koya. Ashe boko ma yana da nasa aljanun."

Bayan damina ta ja baya, shi ya gyara maganar zafin. Ya buɗe ƙananan kafofi can sama a kudu da arewa, irin na tsofaffin soraye, ni kuma na lissafa girmansu, kuma kafin mu huda bango sai da muka gwada guda biyu muka jira sati muka gani. Wannan karon na zauna da Hajiya Kande da matan ajin na tambaye su inda rana take damunsu da lokacin da take damunsu. Cikin rabin awa suka faɗa mini abin da ban samu ba a sati biyu na zane. Matan suka dawo karatu.

Na ɗauki Baba a babur muka je Fassi, na tsaya a zauren Alhajin nan na ba da labarin da bakina, har da ihun. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce Baba ya zo ya fara aiki ran Asabar. Amma ɗayan da ya fasa bai dawo ba. Kuma har Baba ya ajiye cokali saboda tsufa, akwai masu cewa wai da ya hau tsanin nan, a ɓoye ya zare abin da ya binne. Bututu an toshe shi da ƙasa rabin bokiti. Maganar da na bari ta fita da "Allah ne masani" ɗina, har yau ban samu abin toshe ta duka ba.

A makaranta an koya mana komai: ka san wurin kafin ka zana, ka tambayi masu amfani da ginin, ka gwada kaɗan kafin ka yi da yawa, ka ɗauki laifinka idan naka ne. Na ci jarrabawa a kansu da maki mai kyau. Yanzu ina da ma'aikata uku a ƙarƙashina, kayan aikinmu suna canzawa kusan duk shekara, hotunan da kwamfuta take fitarwa sun fi na da kyau nesa ba kusa ba, kuma sun fi iya rufe wa mutum baki. Abin da na ƙara a kan karatuna bai wuce biyu ba. Idan wanda ya daɗe a wuri ya ce ba a yin abu, ina tambayar dalili sau uku, a gefe, inda babu leburori. Idan kuma gini ya yi abin da ban gane ba, ina fara zargin ɓangaren da na fi so. Ga shawara kyauta ga sabbin masu digiri: kada ka yi wa jama'a huɗubar natsuwa sai ka tabbatar ka tuna yadda ƙofarka take buɗewa.

Waɗanda suka halarci taron nan, na san da yawanku kuna nan a Rurum da Madachi, ina roƙon ku aiko mini da gyara inda na kauce. An ce mini ba sau ɗaya na kira Malam ba, sau biyar ne, kuma wai har na kira sunan mahaifiyata. Ban tuna haka ba, amma ba zan yi musu ba. Akwai kuma abu ɗaya da nake son wanda ya ji da kunnensa ya warware mini. Hajiya Kande ta dage, har yau, cewa bayan na toshe bututu na ƙarshe an ƙara jin nishi guda ɗaya, gajere, daga cikin ɗakin, alhali babu kowa a ciki. Ni ina kan tsani, ban ji ba. Na fi kyautata zaton nawa ne. Amma idan akwai wanda yake tsaye kusa da taga a lokacin, don Allah ya faɗa mini ta wane gefe ya fito.